Gandun Dajin Dindir da Ƙasar Gadarif: Namun Daji, Noman Tarakta da Zaman Hausawa a Gabashin Sudan

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka ambaci Hausawan Sudan a azuzuwanmu, abu biyu ne ke fara zuwa a zukatan ɗalibai: tafiyar aikin hajji a ƙasa, da kuma tasirin Larabci a kan Hausar mutanen can. Ba a cika tsayawa a dubi ita kanta ƙasar da suka sauka a cikinta ba, wato irin dajin da suka tarar da abin da ya zama bayan zuwansu. Wannan takarda za ta dubi yanki guda ne, wato ƙasar da ke kudu da garin Gadarif, tsakanin kogin Rahad da kogin Dindir, inda Turawan mulkin mallaka suka keɓe gandun namun daji a shekarar 1935. Gandun yana nan, amma raƙumin dawa da giwa da wasu manyan namun da aka keɓe shi dominsu sun ɓace daga cikinsa. Bayanin da aka fi ji shi ne mafarauta da makiyaya da mazauna ƙauyukan bakin kogi, waɗanda akwai Hausawa a cikinsu, su ne suka ƙarar da su. Takardar za ta yi ƙoƙarin nuna cewa wannan bayani rabin gaskiya ne. Sauran rabin yana cikin yadda aka shata iyakar gandun tun farko, da kuma abin da ya faru da ƙasar da aka bari a wajen iyakar.

2.0 Ƙasar da Yanayinta

Garin Gadarif yana kudu maso gabashin Khartum, nisan kimanin kilomita 410, a kan babbar hanyar da ta bi ta Kasala ta sauka Fot Sudan a bakin Bahar Maliya. Wata hanyar kuma ta tashi daga garin ta nufi Galabat a kan iyakar Habasha. A da ana kiran sa Suk Abu Sin, wato kasuwar Abu Sin, da sunan gidan sarautar Larabawan Shukuriyya. Ke nan tun asali kasuwa ce kuma mahaɗar hanyoyi, shi ya sa alhazai masu nufin tashar jiragen ruwa ta Sawakin suke yada zango a nan.

Ƙasar yankin baƙar laka ce shimfiɗaɗɗiya, irin wadda mutanen Barno ke kira firki. Da rani takan tsage ta yi ramuka masu zurfi, da damina kuwa ta kumbura ta zama taɓo mai danƙo wanda mota ba ta iya ratsawa, dabba ma sai da wahala. Ruwan sama yana sauka daga watan Yuni zuwa Oktoba, kuma yana ƙaruwa in an nufi kudu: a yankin gandun ana samun tsakanin milimita 600 zuwa 1,000 a shekara, kusan daidai da abin da ake samu tsakanin Katsina da Zariya. Rahad da Dindir duka daga tsaunukan Habasha suke gangarowa su faɗa Shuɗin Nilu, kuma duka ba sa gudu shekara cur. Suna cika da damina, in kaka ta wuce su tsaya, a bar rairayi da gurabun ruwa nan da can.

Akwai kalma guda da ya kamata ɗalibi ya riƙe, domin ita ce mabuɗin fahimtar wannan gandu, wato “maya”. Kogin Dindir mai yawan karkacewa ne. Idan ya sauya hanya yakan bar tsohon kwarinsa a gefe, ambaliyar damina ta cika shi, sannan ruwan ya riƙa ja da baya sannu a hankali, ɗanyar ciyawa tana fitowa a inda ya janye. Wannan fadama ita Larabawan Sudan ke kira maya. Akwai su da dama a cikin gandun, kowace da sunanta, kamar Ras Amir da Musa da Abdul Gani. A watan Maris da Afrilu, lokacin da ko’ina ya bushe, a nan kaɗai ake samun ruwa da ɗanyen haki, don haka duk wata dabba ta dajin a nan take taruwa.

3.0 Itatuwa da Namun Dajin

Bahaushen da ya shiga wannan daji ba zai ji baƙunta ba, domin kusan duk itacen da zai gani ya san shi a gida, sunan ne kawai ya sauya. A kan laka, itacen da ya fi yawa shi ne dushe, wanda ake kira ɗalhi a can, tare da aduwa, wato hijlij, wadda ’ya’yanta su ne lalob. Akwai ɗakwara, wato hashab, wadda ke ba da ƙaro mafi daraja a kasuwar duniya. A bakin kogi kuwa sai goriba da kurna da ɓaure da tsamiya da bagaruwa da farar ƙaya, waɗanda ake kira dom da sidir da jummez da aradeb da sunuɗ da kuk. Idan aka matsa kudu wajen duwatsun kan iyaka sai a fara ganin marke da kuka da gora. Shi dushe yana da wata daraja ta daban a Sudan. Icensa ne mata ke turarawa a rami su zauna a kai, al’adar da suke kira dukhan, wadda matan Kano suka sani da turaren tsuguno. Gawayinsa kuma shi ne aka fi so a biranen ƙasar, kuma za mu ga abin da wannan farin jini ya jawo masa.

Dangane da namun daji, waɗanda suka fi yawa a bakin maya su ne kwanta-rafi da gwambaza da batsiya da ɓauna da mugun dawa, sai gwanki da mazo a cikin duhuwa. Akwai gwaggon biri da jan biri, da zaki da damisa da kura. Tsuntsaye kuwa ba a magana: jimina, zabi garke-garke, borin tinke, gauraka, kwasakwasa, da shamuwa, wadda manoman Sudan ke kira simbiriya kuma suke ɗaukar zuwanta alamar faɗuwar damina, daidai da yadda muke ɗauka. A da akwai dari mai yawan gaske, da kanki, da wata irin barewa mai farar gindi. A nan ina jan hankalin ɗalibai, domin na lura a jarrabawa yawancinsu kan kira duk waɗannan dabbobi barewa. Gwanki daban, kanki daban, dari daban. Kakanninmu sun bambanta su ne saboda sun zauna da su, kuma in sunan dabba ya fita daga bakin mutane, galibi dabbar ce ta riga ta fita daga dajinsu.

4.0 Kafin a Shata Gandun

Masu rubutu a kan gandayen daji na Afirka suna da al’adar nuna su kamar wuraren da ɗan Adam bai taɓa zama ba. Tarihin Dindir bai yarda da haka ba. Baturen Ingila Samuel Baker ya zagaya wannan yanki tare da matarsa a 1861 da 1862. Ya yi damina a bakin kogin Atbara, ya bi kogin Setit, ya sauka Galabat, sannan ya bi Rahad da Dindir har ya isa Khartum, kuma ya wallafa labarin tafiyar a 1867. Ƙasar da ya bayyana cike take da giwaye da raƙuman dawa da karkanda da dorina, amma kuma akwai mutane a cikinta: makiyaya, manoman dawa, da kasuwanni. Ya ba da labarin Larabawan Hamran na bakin Setit, masu farautar giwa a kan doki da takobi, ɗaya ya ja hankalinta ɗayan ya sare mata jijiyar ƙafa ta baya. A wannan zamani ne fataken Turai suka riƙa sayen ’ya’yan namun daji daga hannun irin waɗannan mafarauta suna kai su gidajen kallon dabbobi. Shahararriyar giwar nan Jumbo, wadda ta isa Landan a 1865, daga wannan gefe na gabashin Sudan aka kamo ta tana ƙarama.

Abin da ya fi shafar mu a labarin Baker shi ne mutanen da ya tarar a Galabat, waɗanda ake kira Takarir, wato baƙi daga yamma. Alhazai ne da suka tsaya a kan hanyar Makka ko a kan hanyar komawa, suka kafa gari da shugabansu, suna noman auduga da dawa. Da yawansu mutanen Darfur ne, amma sunan ya haɗa har da waɗanda suka fito daga Wadai da Barno da ƙasar Hausa. Ke nan shekaru arba’in kafin Turawa su ci Sakkwato, mutanen yamma sun riga sun zama manoma a kudancin Gadarif.

Abin da ya kwashe mutane daga bakin Rahad da Dindir shi ne zamanin Mahadi, daga 1881 zuwa 1898. Yankin ya zama fagen fama tsakanin Ansar da Habasha, har aka yi babban yaƙin Galabat a watan Maris na 1889, inda aka kashe Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu. Rundunoni masu yawa suka cinye abincin ƙasar. Sai ga yunwar shekarar 1306 ta Hijira, wadda mutanen Sudan ke kira sanat sitta, ga kuma annobar bushiya da ta kashe shanu a duk gabashin Afirka a waɗannan shekaru. Wasu suka mutu, wasu suka gudu, wasu Halifa Abdullahi ya tattara su zuwa Umdurman. Lokacin da sojojin Ingila da Masar suka kama Gadarif a watan Satumba na 1898, abin da suka tarar a bakin kogunan nan biyu kufai ne. Daji ya maye gonaki, namun daji suka yaɗu. Wato dajin da Turawa suka ɗauka haka Allah ya halicce shi ba kowa, yaƙi da yunwa ne suka mayar da shi haka, shekaru kaɗan kafin zuwansu.

5.0 Zuwan Mutanen Mai Wurno

A ranar 27 ga Yuli 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya ja sauran jama’a suka ci gaba da hijira gabas, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar wajen 1906, suka kafa garin da ake kira da sunansa. Abin mamaki shi ne Turawan da suka gudo wa a Nijeriya su ne suka karɓe su a Sudan, kuma da hannu biyu, saboda ƙasar tana fama da ƙarancin mutane. An kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, noman auduga na Jazira yana neman ma’aikata, sannan layin dogo ya iso Gadarif daga Kasala a 1928 ya haɗe da Sinnar a 1929, ya ratsa Rahad a Hawata, ya ratsa Dindir a garin da ke ɗauke da sunan kogin. Daga Mai Wurno aka riƙa fita ana kafa ƙauyuka a bakin waɗannan koguna, sababbin alhazai suna ƙara zuwa suna sauka wajen ’yan’uwa. Larabawa suka haɗa Hausawa da Fulani da Barebari suka kira su Fallata.

Sana’o’in da Hausawa suka riƙe a nan su ne waɗanda suka zo da su: noman dawa da riɗi da damina, lambu a gaɓar kogi bayan ruwa ya janye, da su. Kamun kifi a gurabun Rahad da Dindir da busar da shi, musamman tarwaɗa, yana cikin ayyukan da aka san Hausawa da su a yankin. Mark Duffield ya yi nazarin tattalin arzikin Mai Wurno a littafinsa na 1981, Bawa Yamba ya rubuta a 1995 yadda jikokin alhazan nan suke ci gaba da ɗaukar kansu matafiya a kan hanyar Makka, shi kuma Al-Amin Abu-Manga ya nazarci Hausarsu da yadda take rungumar Larabci a littafinsa na 1999. Aron bai tsaya gefe guda ba. Naman tsire da ake sayarwa a titunan Gadarif da Khartum sunansa agashe, kuma ba sai an gaya wa ɗalibin Hausa inda kalmar ta fito ba.

6.0 Iyakar 1935

A 1933 ƙasashen da ke mulkin Afirka suka yi taro a Landan suka ƙulla yarjejeniyar kare namun daji da tsirrai, wadda ta nemi a keɓe wuraren da ba farauta ba zama. Gwamnatin Sudan ta amsa da kafa gandun Dindir a 1935. Don a kwatanta, Yankari sai a 1956 aka keɓe shi, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Girman Dindir a yau ya kai kimanin murabba’in kilomita 10,000, wato ya ninka Yankari fiye da sau huɗu. Mafi yawansa yana cikin jihar Sinnar, amma ya taɓa jihar Shuɗin Nilu daga kudu, ya taɓa jihar Gadarif daga arewa maso gabas inda kogin Rahad ya zama iyakarsa.

To ga inda gizo ke saƙar. Jami’an Turawa da rani kawai suke iya shiga wannan daji, domin da damina ba hanya. Abin da suka gani shi ne dabbobi cunkushe a bakin maya, sai suka zagaye kogin da mayoyinsa da iyaka. Amma da ruwa ya sauka, fadamun nan sukan cika, ciyawa ta fi mutum tsawo, laka ta riƙe ƙafa, ga wani ƙuda mai cizo irin bobuwa wanda ake kira surret, wanda tun zamanin Baker yake korar makiyaya da raƙumansu zuwa arewa. Namun daji ma haka suke yi. Dari da gwanki da raƙumin dawa da jimina da barewa sukan fita daga kwarin kogi su bazu a tudun da ke arewa da yamma, wasu har su ƙetare Rahad su nufi ƙasar Butana, su haihu a can, sai kaka su dawo. Giwaye kuwa tsakanin nan da Habasha suke kai da kawo. Ke nan gandun gidan rani ne kawai. Gidan damina an bar shi a waje, ba wata doka mai ƙarfi da ta kare shi.

A ganina bai kamata a tsananta zargin waɗanda suka shata iyakar ba. A 1935 wajen gandun da cikinsa duk ɗaya ne, daji ne ba kowa, ba wanda zai yi zaton nan da shekara talatin za a nome shi. Sai dai kuskuren ya riga ya shiga, yana jiran ranarsa.

7.0 Tarakta

Ranar ta zo ne a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Wajen 1944 zuwa 1945 gwamnati ta fara gwajin noman dawa da tarakta a Gadambaliya, yamma da Gadarif, don ciyar da sojojin da ke gabashin Afirka. Lakar da ta gagari fartanya ba ta gagari faifan tarakta ba, kuma ba dutse ba tudu, sai dai a sare itace a ja layi. Bayan samun ’yancin kai a 1956 aka riƙa yanka ƙasar gona-gona, kowace fadan 1,000, daga baya har 1,500, ana ba da haya ga masu hali. Fadan ɗaya murabba’in mita 4,200 ne, ya ɗan ɗara eka ɗaya. Waɗanda suka samu galibi attajiran birni ne da tsofaffin ma’aikata da hafsoshi, waɗanda ba a gonar suke zaune ba. A 1968 aka kafa hukuma ta musamman mai kula da noman injina, Bankin Duniya ya ba da rance aka buɗe sababbin filaye irin na Simsim, kudu da Gadarif, wato ta wajen Rahad. A 1970 gwamnatin Ja’afar Numairi ta yi dokar da ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati. Makiyayi ba shi da takardar makiyayarsa, ƙaramin manomi ba shi da ta saurarsa, balle dari da raƙumin dawa.

Irin wannan noma ba ya zama wuri guda. Ana shuka dawa a kan dawa shekara da shekaru ba taki ba hutu, har ƙasa ta gaji, ƙuduji ya kama ta, wanda a can ake kira buda. Mai gona sai ya matsa gaba ya sare sabon daji, sau da yawa a wajen filin da hukuma ta tsara. Dushen da aka sare a mayar da shi gawayi a loda a manyan motoci zuwa Khartum, kuɗin gawayin ya biya kuɗin sharar. Ta haka gonakin suka kai miliyoyin fadan, Gadarif ta zama rumbun dawa da riɗin Sudan. Dokar gandun daji ta 1989 ta wajabta wa mai gonar damina ya bar kashi 10 cikin 100 na filinsa da itatuwa, amma wanda ya bi hanyar Gadarif zai iya yin tafiya mai nisa bai ga inuwar da zai tsaya ba. Dajin Rawashda da ke arewa maso gabashin garin, wanda hukumar gandun daji ta keɓe, ya zama kamar tsibirin dushe a tsakiyar gonaki, makiyaya da masu itace duk sun yi masa caa.

Tarakta tana huɗa tana shuka, amma ciyawa da girbi da hannu ake yi, musamman riɗi wanda in ya nuna ba ya jira. Don haka kowace damina dubban ’yan ƙwadago ke kwarara zuwa sansanonin gonakin, daga yammacin Sudan da kudancinta da Habasha, da kuma Hausawa. A nan ne hannun Bahaushe ya shiga wannan tarihi sosai, amma a matsayin mai lauje, ba mai gona ba.

Yanzu a duba abin da ya sami dabbobin. Damina ta sauka, sun fita kamar yadda suka saba, sai suka tarar da gona a inda suke haihuwa, ga sansani cike da ma’aikata masu bukatar nama, ga mota da bindiga. Naman da aka yanyanka aka shanya, wanda ake kira sharmut, yana da kasuwa. A ƙarshen shekarun 1970 kuma aka buɗe aikin noman rani na Rahad mai fadan 300,000, aka haƙa babban kanal daga Shuɗin Nilu aka bi da shi ta ƙarƙashin kogin Dindir zuwa Rahad, ya gitta hanyar da dabbobin ke bi. Irin barewar nan mai farar gindi ta ɓace tun wajen 1970, raƙumin dawa ya bi ta a tsakiyar shekarun 1980, giwa ta daina zuwa, dari ya ƙare sai ɗan abin da ba a rasa ba. A lura da cewa waɗanda suka fara tafiya su ne masu fita waje da damina.

Makiyaya ma abin da ya same su ke nan. Gonaki sun toshe burtali, sun cinye makiyayar damina, sun kewaye mashaya. Larabawa masu raƙuma da tumaki da Fulani masu shanu, da rani ya tsananta ba su da inda za su nufa sai maya. Suna shiga, ’yan sandan namun daji su kama garke, a ci tara ko a ƙwace wani kaso, wani lokaci har a yi harbe-harbe. Shanun kuma suna shigo da cututtuka suna cinye hakin da kwanta-rafi da gwambaza suka dogara da shi. Ƙidayar da aka yi tsakanin 1971 da 2001 ta nuna gwambaza ta ragu da kashi 85 cikin 100, kwanta-rafi da kashi 72, batsiya da kashi 68. Ban ce makiyayi da mafarauci da mai cinna wa daji wuta don cin zuma ba su da laifi ba, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Amma su ne ake gani a cikin gandun ana kamawa, shi kuwa wanda ya share fadan dubu a wajen gandun yana da takardar gwamnati a aljihu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

8.0 Ƙauyukan Rahad da Abin da ya Biyo Baya

Farin shekarun 1970 da babbar yunwar 1984 zuwa 1985 sun koro mutane masu yawa daga Darfur da Kurdufan da Cadi. Da yake tudu ya zama na masu tarakta, sai suka gangara bakin Rahad, suka zauna kusa da tsofaffin ƙauyukan Fallata ko suka kafa nasu. A cikin shekarun 1980 ɗin nan ne gwamnati ta faɗaɗa gandun da nufin maido wa dabbobi wani ɓangare na mazauninsu na damina. Sabuwar iyakar ta haɗiye ƙauyuka da dama na gefen Gadarif, mutanen da suka kwana a halal suka wayi gari suna zaune cikin gandu, saran itace laifi, su laifi, faɗaɗa gona laifi. A kudu kuma akwai ƙauyen Magano, wanda zaman mutanensa a wurin ya girmi gandun kansa. Daga shekarar 2000 wani shiri na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa kwamitocin ƙauyuka ya ba da ƙananan rance don a rage dogaro da dajin, ya kuma yashe wasu mayoyi da suka cike. Shi cikewar maya wata matsala ce ta daban: zaizayar ƙasa a tsaunukan Habasha da gobarar daji suna sa laka ta toshe ’yan hanyoyin da ke kai musu ruwa.

Zama a dajin dushe da aduwa yana da nasa haraji. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ke ɓuya a tsagar laka yana yaɗa cutar kala-azar, mai zazzaɓi da kumburin saifa, wadda ke kisa in ba a yi magani ba. Jihar Gadarif ce cibiyar wannan cuta a Sudan, musamman ƙauyukan bakin Rahad da Atbara, kuma baƙin da suka share daji suka zauna, har da Hausawa, suna cikin waɗanda ta fi kamawa.

Ta fuskar yawon shaƙatawa, Dindir bai taɓa zama kamar gandayen Kenya ba. Daga Disamba zuwa Afrilu kawai ake iya shiga, ta hanyar Sinja da garin Dindir, sannan a bi turba mai tsawo zuwa sansanin Galagu, inda ake kwana. Kafin yaƙin 2023, masu zuwa galibi ɗaliban jami’o’in Sudan ne da ma’aikatan ofisoshin jakadanci. Duk da haka duniya ta san darajarsa. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da take kulawa da su a 1979, aka kuma sa shi ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a 2005. A 2016 masu bincike daga Jami’ar Oxford suka sanar da cewa kyamarorinsu sun ɗauki hoton zakuna a gandun Alatash na Habasha, wanda ke manne da Dindir, binciken da ya biyo baya kuma ya ƙiyasta zakunan Dindir kansa sun haura ɗari.

Tambayar wane ne mai ƙasa ba ta tsaya kan dabbobi ba. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wasu ƙabilun yankin suka ƙi bisa hujjar cewa sarauta tana tafiya ne da mallakar ƙasa, su kuwa baƙi ne. An kashe mutane fiye da ɗari a wannan wata, aka sake wani zagayen a Oktoba, Hausawan Gadarif da Kasala da Khartum suka fito zanga-zanga. Waɗanda ake kira baƙin nan, kakannin wasunsu sun fi shekara ɗari a ƙasar. Sai kuma yaƙin da ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. A ƙarshen Yuni 2024 dakarun suka kama Sinja, a farkon Yuli suka shiga garin Dindir, wato ƙofar gandun, sai a watan Oktoba sojoji suka karɓe shi. Garin Gadarif bai faɗa hannunsu ba, don haka dubban mutane suka ƙetare Rahad ta Hawata suka nufo shi, suka tarar da waɗanda suka riga su gudowa daga Khartum da Wad Madani, da kuma ’yan gudun hijirar Tigray da aka sauke a sansanin Um Rakuba tun watan Nuwamba na 2020. Yawancin gidajensu suna dafa abinci ne da itace ko gawayi, kuma gawayin Gadarif daga dushe ake yin sa.